Bature Ya Kama Giwan Ruwa Ya Sake Shi: Mun Yi Dariya, Amma Akwai Magana

Daga Ofishin Sakatare



Ranar Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga mitin ana shan shayi, wani matashi daga cikinmu ya zagaya da wayarsa yana nuna wa mutane wani bidiyo. Wani Bature ne tsaye cikin kogi da daddare, ruwa har ƙugu, fitila ɗaure a goshi, yana ta fama da giwan ruwa. Da ƙyar ya jawo shi gaɓa, kifin da sai mutum biyu sun haɗu za su ɗaga. Sai ya cire ƙugiya, aka ɗauke su hoto, ya riƙe kifin cikin ruwa har ya farfaɗo, sannan ya sake shi ya tafi abinsa. Wuri ya kaure da dariya. Wani dattijonmu, wanda mahaifinsa masunci ne a bakin Binuwai, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin maharbin da ya kama barewa ya shafa mata kai ya ce ta gaida gida ba. Wani ɗan kasuwa kuma nan take ya shiga lissafin abin da kifin zai yi a kasuwar Epe. Mu ma mun yi dariyar, ba za mu ɓoye ba.

Abin da ya katse mana dariyar shi ne da yaron ya karanto sunan wurin: kogin Faro, a arewacin Kamaru. Duk mutumin Adamawa ya san Faro, ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Kamaru ya zuba cikin Binuwai a wajen kan iyaka. Wato wasan da muke ɗauka na Turawa ne can ƙasarsu mai sanyi, ga shi ya iso bakin ƙofarmu. Shi ya sa muka ɗan bi diddigin al'amarin. Ra'ayinmu kuma shi ne: wasan kansa ba mu da buƙatar aronsa, tarihinsa ma akwai dauɗa a ciki, amma masu yinsa sun riƙe wata ɗabi'a guda da ta ba su bakin magana a kan kogunansu, ita ce sa ido a kan ruwa da rubuta abin da suka gani. Idan masuntanmu ba su samu wanda zai yi musu wannan ba, wata rana littafin baƙo ne kaɗai za a buɗe in ana maganar ruwansu.

Bari mu fara da yadda ake yin abin. Fatsa ce, amma babu tana babu wani koto na gaskiya a jikin ƙugiyar. Gashin tsuntsu ake samu da zare da ɗan ulu, a ɗaɗɗaure su a jikin ƙugiya har su yi kama da ƙwaron da kifi ya saba ci. Mu kira shi ƙwaron gashi. Da yake ba shi da nauyin da za a jefa shi nesa, sai aka mayar da nauyin a jikin igiyar. Mai fatsar yana kaɗa doguwar sandarsa gaba da baya kamar mai karkaɗa bulala, igiyar ta miƙe a iska, ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali kamar shi ya sauka da kansa. Kifin da aka fi nema da wannan dabara shi ne wanda suke kira tirawut, mai ɗigo-ɗigo a jiki, mazaunin ruwa mai sanyi mai gudu, sai kuma ɗan uwansa salmon. Wahalar tirawut ita ce tsirfa. Akwai ƙwarin da ke girma a ƙarƙashin duwatsun kogi, in lokacinsu ya yi su taso sama su yi fiffike su tashi da yawa, kamar yadda shinge ke fitowa bayan ruwan farko. In kifin ya sa ransa a kan iri ɗaya a ranar, ko me ka jefa masa ba zai kalla ba. Dole mai fatsa ya san wane ƙwaro ne ke fitowa a wane wata, da wane lokaci na yini, a wane lungu na kogin.

Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 miladiyya, ya ba da labarin mutanen Masedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashi biyu na wuyan zakara, su kama wani kifi mai ɗigo-ɗigo a koginsu. Waɗannan abinci suke nema, babu maganar wasa. A Ingila ne abin ya koma nishaɗin manya. A 1496 aka buga wani ɗan littafi kan fatsa, wanda ake jingina wa wata mata mai zaman zuhudu, Juliana Berners, ko da yake masana tarihi na jayayya kan ko ita ce ta rubuta. A ciki an lissafa ƙwarin gashi 12 da watannin da ake amfani da kowanne, an koyar da yadda ake tufka igiya da gashin wutsiyar doki, an kuma gargaɗi mai fatsa kada ya yi zarin kama fiye da abin da yake buƙata. To amma ku ji wannan: wanda ya buga shi ya bayyana cewa da gangan ya cusa shi cikin wani babban littafi mai tsada na farauta da sarauta, don kada ya faɗa hannun 'yan zaman kashe wando su lalata wasan. Tun ranar farko ke nan, kyakkyawar nasiha da ƙyamar talaka suka fito cikin bango ɗaya, kuma har yau ba su rabu sarai ba.

Littafin da ya fi shahara shi ne na Izaak Walton, The Compleat Angler, na 1653, wanda abokinsa Charles Cotton ya ƙara wa babi kan ƙwaron gashi a 1676. Har gobe ana sake buga shi. Amma mutumin da ya fi burge mu a duk tarihin nan shi ne Alfred Ronalds. Wannan bawan Allah bai yarda da ji-ta-ji-ta ba. Ya gina 'yar bukka a bakin kogin Blythe, ta ɗan leƙo kan ruwa, ya yi mata tagogi da labule yadda kifi ba zai gan shi ba, ya zauna yana kallo kwana da kwanaki. Mutane na cewa kifi na jin magana, shi ya sa ake yin shiru a bakin ruwa. Sai ya sa aka harba bindiga daga bayan bukkar, inda kifin ba zai ga walƙiyar ba, ya ga ko gezau bai yi ba. Ya shafa wa ƙudaje zuma, wasu ya shafa musu barkono, ya hura su kan ruwa, kifin ya haɗiye duka. A 1836 ya fitar da littafi, a cikinsa ya zana ƙwaron gaskiya da launinsa, a gefensa ya zana na gashin da ke kwaikwayonsa. Mutum ya shiga don wasa, ya fito da ilimin ƙwarin kogi wanda masana suka amfana da shi.

A garin Stockbridge, bakin kogin Test a kudancin Ingila, akwai wani kulob mai suna Houghton da aka kafa a 1822. Mambobinsa ba sa wuce 25, kuma ba kowane mai kuɗi ne ma ke samun shiga ba. Abin da ya ja hankalinmu, mu da aikinmu riƙon littafi ne, shi ne tun daga kafuwarsa suke rubuta kifin da aka kama, da nauyinsa, da ranar, har da yanayin gari da lokacin da ƙwari suka fara fita. Sama da shekara 200 ke nan. Mu da littafin kuɗin wata na shekara biyar baya ma sai an yi cigiya, kunya ta ɗan kama mu. A da kuwa, masu gadin ruwan kulob ɗin gida ɗaya ne, gidan Lunn: kaka, da ɗa, da jika, sun shafe sama da shekara 100 suna aikin. Ku ce Sarkin Ruwa ne na gado, sai dai shi albashi ake biyansa.

Da yake ɗan Adam ba ya rasa abin faɗa, sai da suka rabu gida biyu. Frederic Halford, wanda ya fitar da littafinsa na farko a 1886, ya kafa ƙa'ida cewa mutumin kirki ba ya jefa ƙwaro sai wanda ke yawo a saman ruwa, kuma sai ga kifin da ya gani da idonsa ya taso yana ci. Mabiyansa suka mayar da wannan kamar doka. Sai wani lauya, G. E. M. Skues, ya riƙa duba cikin kifayen da ya kama, ya ga yawancin abin da suka ci 'ya'yan ƙwari ne da ba su kai ga fitowa sama ba. Ya ce to me zai hana a kwaikwayi waɗannan a nutsa su ƙasa kaɗan? A 1910 ya rubuta hakan. Aka yi masa ca, aka ce ya zubar da mutuncin wasan. A 1938 har zama na musamman aka yi a kulob ɗinsu na Landan don a yi muhawara da shi, kuma a shekarar ne, yana da shekara 80, ya bar yankin kogin Itchen da ya shafe shekara 56 yana fatsa a ciki saboda tsangwamar abokan hayarsa. Yau duk duniya da dabararsa ake aiki. Dattawa masu furfura suna gaba a kan ko gashin kaza zai nutse ko zai yi iyo, abin dariya ne. Amma ku lura da abin da ya raba gardamar a ƙarshe: shi ya buɗe cikin kifi ya duba, su kuwa ƙa'idar magabata suka riƙe.

Yanzu ga inda wasa ya zama gaske. Bayan yaƙin duniya na biyu, kogunan Ingila da yawa sun mutu saboda dattin masana'antu da na bayan gida. A 1948 wani lauya mai suna John Eastwood ya kafa wata ƙungiyar haɗin kan masu fatsa. Tsarin mai sauƙi ne: kowa ya ba da ɗan kuɗi kaɗan a shekara, in aka ɓata ruwan wani kulob ƙungiyar ta tsaya masa a kotu, ta ɗauki nauyin shari'ar in an faɗi. Ba a daɗe ba sai ga babbar shari'a. Wani kulob na masu fatsa a garin Derby, garin da masu kallon ƙwallo suka sani da Derby County, ya kai ƙarar manya uku a kan kogin Derwent: kamfanin sinadarai na British Celanese, da hukumar garin da ke sako ruwan masai, da hukumar lantarki da ke sako ruwan zafi daga tasharta. Waɗannan masu ƙara ba irin attajiran Houghton ba ne, mutanen gari ne masu fita fatsa ranar hutu. A 1952 kotu ta ba su gaskiya, aka ɗaukaka ƙara, aka sake tabbatar musu. Aka tilasta wa manyan nan uku su gyara. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan Fish Legal, tana kai ƙarar masu gurɓata ruwa.

Me ya sa suka ci? Abu biyu. Na farko, a dokar Ingila haƙƙin kamun kifi a wani yanki na kogi dukiya ce kamar gona, ana saye ana haya, akwai takarda. Wanda ya kashe maka kifi ya taɓa maka dukiya. Na biyu, suna iya nuna yadda ruwan yake a da, da yadda ya koma.

Wani misalin na kusa ya fi wannan daɗi. Yanzu a Birtaniya akwai 'yan sa kai, da yawansu masu fatsa ne, da ke shiga kogi sau ɗaya a wata da ɗan raga, su tattaka duwatsun ƙasa na minti 3, su ƙirga ƙwarin da suka faɗa ragar, su rubuta. In lissafin ya faɗi ƙasa da yadda aka saba sai su sanar da hukuma. A watan Yulin 2013, a kogin Kennet kusa da garin Marlborough, suka shiga suka tarar ƙwarin sun ƙare. Ruwan garau yake, ba wari, ba mataccen kifi a sama, mai wucewa ba zai ga komai ba. Da aka bincika sai aka gano maganin ƙwari ne na feshi ya bi magudanar ruwa ya shiga kogin, an ƙiyasta bai wuce cokalin shayi biyu ba, amma ya share ƙwarin kusan kilomita 15. Ba don lissafin watan da ya gabata na rubuce ba, da ba wanda zai iya cewa wani abu ya faru.

To, kada wani ya ce Sakatare ya zama ɗan koren Turawa. Ga ɗaya fuskar. Takardar nan da ta ba kulob ɗin Derby damar shiga kotu, ita ce kuma ta rufe wa talaka kogi. Da aka yi dokar kare salmon a 1861, an hana kama shi da mashi da wutar tocila ta itace, wanda da shi ne mutanen ƙauyuka suka gaji samun abincin hunturu. Dokar ta taimaki kifin, gaskiya ne, amma wanda ya ci moriyar shi ne mai gonar bakin ruwa da baƙinsa masu sanda. Dare ɗaya wanda ya gaji su daga kakansa ya koma ɓarawon kifi. A yankin Wales, wajen garin Rhayader a bakin kogin Wye, mutane suka riƙa shafa baƙi a fuska, wasu su sa kayan mata don kada a gane su, su fito da yawa da dare su soki kifi a gaban masu gadi. An shafe shekaru ana wannan rigima.

Sannan duk inda Turawan mulkin mallaka suka je, sai sun kai kifinsu. A 1864 aka ɗauki ƙwan tirawut da na salmon a jirgin ruwa mai suna Norfolk, cikin akwatunan gansakuka a ƙarƙashin ƙanƙara, tafiyar kusan wata uku, zuwa Ostireliya, aka ƙyanƙyashe su a tsibirin Tasmaniya. Salmon bai zauna ba, tirawut ya zauna, daga nan ya wuce Niyu Zilan. Aka kai shi Afirka ta Kudu. A 1905 Ewart Grogan ya kai shi Kenya, aka zuba a kogin Gura. A wurare da yawa baƙon kifin ya cinye ƙananan kifayen da ya tarar, har yanzu tirawut na cikin jerin halittu 100 mafiya ɓarna in an kai su inda ba nasu ba. Kada mu yi saurin zagi, domin giwan ruwan namu ma da aka zuba shi a tafkin Victoria a shekarun 1950, yana cikin abin da ya shafe wajen iri 200 na ƙananan kifayen tafkin. A Kenya ta lokacin mulkin mallaka, wasan na Turawa ne, ɗan ƙasa sai gadin ruwa da ɗaukar kaya. Abin mamaki, yau Kenya na cikin manyan masu ɗaura ƙwarin gashin da ake sayarwa a Turai da Amurka. Ma'aikata na zaune suna ɗaurawa dozin-dozin, da yawansu ba su taɓa jefa ko ɗaya a ruwa ba.

Son gashin ma ya taɓa kai wani ga hauka. A ƙarni na 19, masu neman salmon sun ɗauki gasar ɗaura ƙwari da gashin tsuntsayen da ba a samu sai a ƙarshen duniya, alhali salmon in ya baro teku ya shigo kogi don yin ƙwai ba ya ma cin abinci, tsokana ce kawai ke sa ya cafki ƙugiya, da gashin kazar gida ma zai cafka. Har yau akwai masu ɗaura irin waɗannan don ado. A watan Yunin 2009, wani ɗalibi Ba'amurke mai koyon busa sarewa a Landan, Edwin Rist, ya fasa taga ya shiga gidan adana tsuntsaye na garin Tring ya kwashe busassun tsuntsaye 299, wasu daga cikinsu Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su a tsibiran Indonesiya tun shekarun 1850. Ya riƙa fige su yana sayarwa ta intanet. An kama shi a 2010, aka yi masa ɗaurin talala. An samo wasu tsuntsayen, amma da yawa ya riga ya yanke 'yar takardar da ke ɗaure a ƙafarsu, mai ɗauke da wurin da aka samo tsuntsun da ranar. Masana suka ce wanda ba shi da takardar nan ya tashi daga aiki a wajensu, ya koma tarin gashi kawai.

Saura maganar sakin kifi, wadda ita ta ba mu dariya tun farko. Ta yaɗu ne daga Amurka, inda wani mai suna Lee Wulff ya yi ta yaɗa ta tun ƙarshen shekarun 1930. Hujjarsu ita ce babban kifi shi ke zuba ƙwai mai yawa, in masu sanda dubu suka riƙa tafiya gida da manya, ruwa zai ƙare. Lissafin daidai ne. Amma wani malami daga cikinmu ya yi tambaya a wurin shayin: in ba ci za ka yi ba, me ya sa za ka huda bakin dabba ka wahalar da ita don jin daɗinka? Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. A Jamus da Suwizalan doka ba ta yarda mutum ya fita kamun kifi da niyyar saki don nishaɗi kawai ba. Hukuncin addini mun bar wa malamai. Namu ganin shi ne, wanda ya kama don ci, ya bar ƙanana su girma, ya ɗaga wa kifi ƙafa lokacin ƙwai, ya fi kwanciya a rai.

Kuma ɗaga wa ruwa ƙafa ba baƙon abu ba ne a wajenmu. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ai ba don albarkar banza ake fito da manyan giwan ruwa daga Matan Fada ba. An hana su a wurin sai ranar da aka ba da izini, kuma akwai Sarkin Ruwa da ke tsaye a kai. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya. Ta fuskar doka ma ba a bar mu a baya ba, tun 1992 akwai dokar tarayya da ta hana kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki a ruwayen cikin ƙasa. Amma wa bai ji labarin zuba gamalin a ruwa ba? Wa bai ga gidan sauro ya koma taru yana kwashe 'ya'yan kifi kamar ƙwayar shinkafa ba? Masunci zai ce maka ruwa ya lalace, kuma gaskiya ya faɗa. Ka tambaye shi wace shekara, wane kifi ya fara ɓacewa, a wane gurbi, sai ya ce tun zamanin wane. Ilimin na nan a kansa, ya fi na Ronalds yawa, sai dai in ya rasu an binne da shi. Mu da ke zaune a Kudu mun ga masuntan Bodo na ƙasar Ogoni sun kai kamfanin Shell ƙara a Landan kan malalar mai ta 2008, aka sasanta a 2015 kan fam miliyan 55. Shekarun da aka ɗauka, yawancinsu a kan hujja aka ɗauke su: man nawa ya zuba, ina ya kai, me aka rasa.

Mu koma Faro. Masu kawo baƙin nan da rani suke zuwa, lokacin da ruwa ya ja baya ya yi garau, kifi ya taru a gurabu masu zurfi inda dorinar ruwa ke kwana. Da rana su nemi tsage, da dare su nemi giwan ruwa. Kowane baƙo dubban daloli yake biya na mako guda. Suna auna kifin, suna ɗaukar hoto, suna rubuta gurbin da ranar. Ba mu ce mugun abu suke yi ba. Ruwan da ke cikin gandun dajin Faro na buƙatar masu tsaro, kuma kifin da ya tsira a can yana iya gangarowa Binuwai ya amfani kowa. Tsoronmu shi ne abin da tarihin nan ya nuna sau biyu, a Wales da Kenya: in wasan ya kafu a wuri, mai sanda ya zama mai kare muhalli, mai taru ya zama mai laifi, ko da kakanninsa ne suka raɗa wa gurbin suna. Ranar da gwamnati za ta zauna raba wa zai shiga ruwa wa ba zai shiga ba, ɓangare ɗaya zai zo da littafi da hotuna da lissafin dala. Ɗaya ɓangaren da me zai zo?

Saboda haka ga roƙonmu, musamman ga matasan da za su je gida hutun Sallah, 'yan Yola da Numan da Ibi da Lokoja da Yawuri da Argungu da bakin tafkin Chadi. Ku sayi littafi mai kauri, ku samu tsohon masunci ko Sarkin Ruwan garinku, ku gaishe shi yadda ya kamata ku zauna. Ku rubuta sunayen kifin da ya sani da yarenku, da watan da kowanne ke yin ƙwai, da sunayen gurabu da gidan da ya gaji su a kowanne, da irin tarun da ake sawa da wanda aka hana, da kifin da ya daina gani da abin da ya faru a shekarar. Ku sa kwanan wata da sunan garin a saman kowane shafi, kada ku manta da tsuntsayen Tring. In ya yarda ku naɗi muryarsa a waya. Wanda ya dawo da nasa ya kawo ofis mu yi kwafi, asalin ya koma hannun mai shi.

Mun gwada a ranar, kafin a watse. Muka ce wa dattijon nan mai maganar barewa, “Baba, ko za ka lissafa mana kifin Binuwai da ka sani?” Ya ce, “Sakatare, kana da takarda dai ko?” Muka juya bayan littafin halartar mitin. Ya fara: giwan ruwa, tsage, ragon ruwa, yauni, bargi, ƙurungu, tarwaɗa, karfasa, gaiwa, ya yi ta jerowa har shafi ya kusa cika, yana faɗin wanda ake kamawa da birgi da wanda sai da mamari. Ɗansa na tsaye a gefe, haifaffen Agege, ya ce rabinsu yau ya fara jin sunansu. Da muka zo kan sunayen gurabu sai Baba ya tsaya a na huɗu, ya dafe kai. Ya ce mu ajiye biro tukuna, zai kira yayansa a Numan da daddare, mu dawo masa da littafin ranar Lahadi.